Ranar da Wanzami Ya Gyara Mani Karatun Turanci

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya, na manta fiye da rabinsu, wasu ma da gangan na manta da su. Amma akwai wata rana guda a kasuwar Dutsin-Ma wadda ko tsufa ya kwashe mani komai, ina jin ita ce za ta rage. Ita ce ranar da wani tsohon wanzami, wanda bai taɓa riƙe fensir ba a rayuwarsa, ya gyara mani karatun Turanci a gaban jama'a, kuma gyaran nasa ya yi daidai.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ina saurayi, ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, aka turo ni koyarwa a firamare ta Dutsin-Ma. Asalina mutumin Birchi ne ta ƙasar Kurfi, inda in ka hau keke da sassafe kana isa kafin rana ta yi zafi. Ina da keken kuwa, ina da agogon hannu, ina da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗayan ma ba ya rubutu. A ganina a lokacin, in aka cire hedimasta da malamin asibiti babu wanda ya kai ni sanin duniya a garin nan, su ɗin ma don sun girme ni ne kawai.

Littattafan da suka jawo mani abin nan a cikin tsire na gamu da su. Wata rana mai tsire ya ƙunshe mani nama a wata takarda mai launi, na zo gida na buɗe, sai ga zanen wani ƙato sanye da matsattsun kaya, ya rufe fuska da ƙyalle, ya tallabi gadar jirgin ƙasa da kafaɗa ɗaya, maiƙo ya ɓata masa rabin ƙirji. Na koma na tambayi mai tsiren inda ya samo. Ashe wani Bature mai auna hanya ne ya tashi daga garin, kukunsa ya tattara tarkacen ya ba shi, kwali guda cike. Littattafan zane ne, irin waɗanda ake jera hotuna gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa a rubuce. Nan take muka yi musaya, na kawo masa tsofaffin littattafan rubutun 'yan ajina, ya ba ni kwalin. Har godiya ya yi mani, ya ce takardar tawa ta fi shan mai. Saboda haka a shekarar nan duk wanda ya ci tsire a Dutsin-Ma, da lissafin 'yan aji uku ya ci shi, da jar tawadata a jiki.

Ina da wani aboki tela mai rumfa a bakin kasuwa. Ran kasuwa in an tashi makaranta sai in je can in zauna da littafi guda, ina karantawa ina ba shi labari da Hausa yana taka keke. Kafin wata guda rumfar ta koma majalisa. Masu awon hatsi, dillalan shanu, Fulanin da suka gama ciniki suna jiran rana ta yi sanyi, duk sai su kewaye ni, ina ɗaga littafin sama ina nuna hoto ina bayani. Sunan jarumin ya gagari bakinsu, sai suka riƙa ce masa mutumin naka. Tun daga nesa za ka ji ana cewa, “Malam, yau kuma wa mutumin naka ya daka?”

Ba su sha wahalar gane shi ba. Da suka ga ƙarfe ba ya cin jikinsa, harsashi na dukan ƙirjinsa yana faɗuwa, suka yanke hukuncin cewa ɗan taurin Turawa ne. Gardamar da ta rage ita ce ko laya yake ɗaurawa ko sha ya yi tun yana yaro. Wani dillali ya dage cewa mai aikin alheri ba ya rufe fuska, lallai akwai abin da ya aikata a garinsu. Tela kuwa abin da ya dame shi wandon ne, ya ce duk wanda ya ɗinka shi ya cinye wa mutumin yadi. Ni dai daɗi nake ji. Labaran duk iri ɗaya ne: mugu ya taso, birni ya rikice, mata na kuka, ana gab da halaka sai ga shi ya diro, ya yi duka, ya ceci kowa, ya tafi tun kafin a gama yi masa godiya. Wannan tafiyar ta fi komai burge ni. A zuciyata na ɗauka namiji ke nan, ya zo lokacin da abu ya ɓaci, ya gyara shi da hannu ɗaya, ya juya.

Ana cikin haka aka aiko daga Birchi cewa Baba ya faɗi a gona.

Ya kamata in faɗi ko wane ne Baba. Dogon mutum ne mai faɗin ƙirji, manomi kuma mai fataucin hatsi, wanda yakan ɗora buhun gero bisa jaki shi kaɗai yana magana da wani. Ban taɓa ganinsa kwance da rana ba. Ni ne ɗansa namiji guda, kuma shi ya ba da ni boko da hannunsa lokacin da wasu ke ɓoye nasu a rumbu. Da na isa ranar na same shi a ɗaki bisa tabarma, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, kansa na rawa. Ya dube ni yana so ya yi magana, miyau ya zubo, Inna ta goge masa da bakin zanenta. Ban iya ƙarasawa ciki ba. Na tsaya bakin ƙofa na yi jawabi, na ce wannan ba ciwon zama gida ba ne, babban asibitin Katsina za a kai shi, ni zan samo mota, kada kowa ya damu. Na hau kekena na juya tun kafin a gama yi mani godiya.

Mota a wancan zamanin ba abin da ake tsinta ba ce. Na je wurin wani mai babbar mota da ke jigilar gyaɗa, ya ce in bari a gama kwasar gyaɗa zai ratsa ta Birchi. Na yi masa godiya, na fito, kuma Allah ya sani wani sanyi na ji a raina, don na samu dalilin da zan riƙe. Duk lokacin da ɗan garinmu ya zo kasuwa ya ce, “Innarka ta ce a gaishe ka, Babanka shina tambayarka,” amsata ɗaya ce: “Ku ce mashi ina nan tahe da mota.” Na aika da sabulu, na aika da sukari, na aika da wani magani a kwalba da malamin asibiti ya ba ni. Ni ne dai ban je ba. Na shawo kan kaina cewa zuwa hannu rabbana ba shi da amfani, me zan yi masa in na je, in zauna in kalle shi? Yanzu da na tsufa ina iya faɗin gaskiya, tsoro nake ji. Ba na son in sake ganin mutumin nan a ƙasa. Haka mako ya bi mako har bakwai, ni kuwa kowace ranar kasuwa ina rumfar tela ina ceton biranen Turawa.

Kwalin ya fara yin ƙasa. Ran wata kasuwa da safe na zaro ɗaya daga cikin na ƙarshe na duba kafin in tafi makaranta, sai raina ya ɓaci. Tun daga bango har bango babu naushi ko ɗaya. Babu mugu, babu gobara, babu jirgin da ya kauce hanya. Mutumin namu ziyara ya kai wa tsohon ubansa, ya yi masa aski, suka sha shayi. Shi ke nan. Na ce lallai ranar da aka zana wannan mai zanen zazzaɓi yake yi. Na so in bar shi a gida, amma sauran biyun da suka rage mai tsire ya riga ya yage musu tsakiya. Sai na ce ai ba komai, a duk rumfar ni kaɗai ke jin Turanci, abin da na ce an rubuta shi aka rubuta.

Ranar kuwa aka cika, har wasu na tsaye a rana. A cikinsu akwai wanzamin garinmu, wanda muke ce wa Sarkin Aska. Tsoho ne siriri, yana yawo da zabirarsa kasuwa-kasuwa tsakanin ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma. Shi ya yi mani askin suna, shi ya yi mani kaciya, don haka agogona da alƙalumana ba su taɓa firgita shi ba. Na gaishe shi a gurguje na kauda ido, don na san daga inda ya fito. Ya tsuguna gefe yana wasa aska a wata tsohuwar fata, kamar ba sauraro yake ba.

Na gyara murya na buɗe shafin tsakiya, inda tsohon ke zaune kan kujera, an yafa masa farin ƙyalle, fuskarsa duk kumfa, jarumin na tsaye bayansa da aska a wuyansa. Na ce, “Kun ga tsohon ga? Kada hurhurarshi ta ruɗe ku, shi ne uban gayyar duk miyagun da muka wuce. Yau dubunshi ta cika. Mutumin ya kama shi, ya ɗaure shi bisa kujera, ya shahwa mashi wani hwarin dahi ga huska, ga wuƙa nan ga maƙogwaro. Shina ce mashi, ko ka hwaɗi inda ka ɓoye yaran mutane ko in yanka ka yanzu.”

Rumfa ta ɗauka. Wani ya ce a yanka shi kawai, irinsu ba su tuba. Wani ya tambayi dalilin da ya sa yau jarumin ya buɗe fuska, na ce don tsohon ya ga wanda zai kashe shi. Ina jin kaina ina ƙara gishiri, har ni ma na fara yarda da abin. Sai na ji muryar Sarkin Aska, a hankali.

“Malam, miƙo takardar in gani.”

Na ce, “Sarkin Aska, Turanci ne.”

Ya ce, “Turancin naka ne, riƙe abinka. Hoton nike so.”

Ba yadda zan yi, na miƙa. Ya nisanta littafin da idonsa, ya matso da shi, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, “Wagga ba wuƙa ba ce, aska ce.”

Na yi 'yar dariya irin ta masu ilimi, na ce ai wuƙar Turawa haka take.

Bai ko dube ni ba. Ya sa farcensa kan hoton ya juya shi wajen jama'a. “Ku dubi babban yatsanshi na hagu. Ya ja hwatar kunci sama. Wanda za shi yanka mutum mi ruwanshi da jan hwata? Don kada a ji ma mutum ciwo aka yin haka. Ku dubi bakin askar, kwance take, mai yanka tsaida ta shikai. Ga tsohon ya lumshe ido, ya saki wuya. Tun ban da gemu nike riƙon kawunan mutane, ban taɓa ganin wanda ya saki wuyanshi ga hannun maƙiyi ba.” Ya ƙara matso da littafin. “Kuma kunnensu ɗaya. Dubi nan, dubi nan. Wanga ubanshi ne, ko a kai ni gaban alƙali.”

Keken ɗinkin tela ya tsaya. Sai dariya ta ɓarke, irin wadda mutum ke riƙe ciki. Zufa ta karyo mani har cikin takalmi. Shekarun da na yi ina haddar Turanci, da takardar shaidar da na rataye a ɗaki, duk kunne guda biyu sun rushe su. Tela ya share hawaye ya ce, “To, Malam, karanta muna wanda anka rubuta, naka mun ji shi.”

Na karanta, murya ƙasa-ƙasa, ina so in gama in tashi.

Ga abin da ke ciki. Uban jarumin tsohon mai gyaran agogo ne, yana zaune shi kaɗai a wani ɗan gida, hannuwansa sun fara rawa har ba ya iya aske gemunsa. Ranar za a ɗaura auren jikar wani amininsa, ya ce ba za shi ba, ba zai shiga mutane da fuska kamar bushiya ba. Sai ɗan ya zo, kuma ta ƙofa ya shigo, ya ƙwanƙwasa, ya goge ƙafa. Ya cire ƙyallen fuska ya rataye a ƙusa. Ya ɗauki aska ta farko, ta karye a hannunsa don ƙarfi. Ya ɗauki ta biyu, ita ma haka. Ya je ɗebo ruwan zafi ya murƙushe kofin. Tsohon na zaune yana dariya, yana ce masa tun yana yaro haka yake da ɓarna. Aska ɗaya ta rage a gidan. Shafi huɗu cur aka ɓata ana nuna yadda ya ɗauke ta da yatsa biyu, ya riƙe numfashi, gumi na zuba daga goshin mutumin da ke tare jirgi da ƙirji, yana bi a hankali daga kunne zuwa haɓa. Da ya gama tsohon ya shafa fuska ya ce ya bar gashi uku a ƙarƙashin hanci. Suka sha shayi, ya wanke kofuna, ya ɗaura wa tsohon igiyar takalmi, ya raka shi bakin titi. Ƙarshen labarin ke nan.

Na rufe littafin ina jiran a watse. Babu wanda ya motsa. Wani Bafulatani da bai taɓa cewa uffan ba a majalisar nan ya ce, “Ashe haihuwarshi anka yi. Ni duk na ɗauka aljani ne.” Dillalin nan mai zargin rufe fuska ya ce ya janye maganarsa, wanda ya tsuguna ya ɗaura wa ubansa takalmi ba ɓarawo ba ne. Aka shiga tambayata abin da ba a taɓa tambaya ba. Ina uwar? Wa ke yi wa tsohon tuwo? In harsashi ya sami yaron nan wata rana, wa zai gaya wa tsohon? Wata biyar ina nuna musu shi yana faɗa, ba wanda ya taɓa jin tsoron kada a kashe shi sai ranar da suka gan shi yana wanke kofi. Mai awo ɗaya ya fara ba da labarin yadda ya riƙa yanke wa mahaifinsa farce a ƙarshen rayuwarsa, bai kai ƙarshe ba ya tashi ya ce ya bar rumfarsa ba kowa.

Ina tattara kayana Sarkin Aska ya taɓa mani kafaɗa. “Ƙeyarka ta taru, Malam. Taho in gyara maka.”

Ni a lokacin sumar 'yan boko gare ni, da tsaga a gefe, almakashi kaɗai ke taɓa ta. Amma bayan abin da ya faru ba ni da bakin musu. Ya kai ni bayan rumfa ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya tsugunar da ni, ya jiƙa ƙeyar, ya dafe mani kai da hannun hagu. Sai da na ji sanyin aska a wuyana sannan ya fara magana. Daga baya na gane dabarar wanzamai ce, ba su faɗa maka gaskiya sai sun tabbata ba ka iya juyawa.

“Yaushe rabonka da Birchi?”

“Mota nike nema, Sarkin Aska.”

“Kada ka motsa.” Askar ta yi tafiya kaɗan. “Tun kahin a haihe ka nike ma ubanka aski ko wace Juma'a. Yanzu sau bakwai ina zuwa ina komawa da askata cikin zabira. Kanshi rawa shikai, in ba a riƙe ba sai in yanke shi. Sai wani ya zamna bayanshi, ya jingina shi ga ƙirji, ya tallabe kan. Innarka ba ta iyawa, ka san girman mutumin. Na ce a kira ƙanenshi, na ce a kira maƙwabci. Ya ce shi ba ya jingina ga ƙirjin wani ƙato shina da ɗa.”

Na buɗe baki, ya ƙara danne kan.

“Suma ta taru mashi. Ya hana kowa shiga duba shi saboda ita. Liman ma daga zaure ya koma. Ba ciwon ka cin shi yanzu ba, zaman ɗakin ne.”

Na ce, “To mi ya hana a gaya mani?”

“Shi ya hana. Ya ce a ƙyale ka, kana can kana babban aiki.”

Na sha zagi a rayuwata, na sha faɗan hedimastoci, amma ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba, ga shi kuwa yabo ne. Hawaye suka zubo mani, kaina a sunkuye, ba damar sharewa. Tsohon ya yi kamar bai gani ba, ya gama gyaran, ya hure mani wuya, ya ce ran Juma'a da hantsi yana Birchi, in ina da lokaci.

Na nemi izini wurin hedimasta. Ran Juma'a na isa kafin wanzamin, na jingine keke a zaure. Inna ta gan ni, ta ɗaga mani labule kawai. Na shiga da sallama, a wannan karon har ciki.

Ban taɓa ganin gashin kan Baba ba. Tun da na buɗe ido a duniya kansa a aske yake ƙal, da hula ko rawani. Ban san ma ya yi furfura ba. Sai ga wani tsoho zaune jingine da bango, farar suma ta cukurkuɗe, gashin baki ya rufe leɓe, yana kallona da idon Baba. Na durƙusa na gaishe shi, kuma don hali ba ya barin mai shi na fara bayanin mota, cewa an kusa gama kwasar gyaɗa. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni. Maganarsa na fita da ƙyar, amma na ji ta sarai.

“Ban aika a kawo mota ba.”

Sarkin Aska ya yi sallama ya shigo, ya buɗe zabira kamar jiya ma ya yi askin. Ya nuna mani inda zan zauna. Na shiga tsakanin Baba da bango, na miƙe ƙafafu, muka jingino shi a ƙirjina. Na sa hannu ɗaya a goshinsa ɗaya a haɓa, kuma saboda tsoro na ƙanƙame.

“Sassauta,” in ji wanzamin. “Ba uban miyagu ka kama ba.”

Na sassauta. Rawar kan ta riƙa ratsa tafin hannuna tana shiga ƙirjina, sannan a hankali ta ragu, kamar yadda jariri ke lafawa in an goya shi. Na ji ya saki wuya. Nauyinsa duka ya dawo kaina, kuma bai kai rabin yadda na zata ba. Ƙarar aska kawai ake ji, da Inna tana daka a tsakar gida, farar suma na faɗowa kan farin wandona na makaranta. Aikin bai fi na dafa shayi tsawo ba. Mako bakwai mutumin nan ya kulle kansa a ɗaki saboda abin da bai fi haka ba, ni kuma ina can ina jiran ranar da zan diro da mota a yi mani tafi.

Da aka gama ya shafa kan da hannun hagu, gaba da baya. Ya ce, “Hannunka ba kanta, kamar na amarya.” Sannan ya ce a ba shi hularsa, a fitar da shi zaure. Ni da wanzamin muka tallabe shi muka zaunar bisa buzu a bakin ƙofa, yana nan har mutane suka fara wucewa masallacin Juma'a. Kowa ya gan shi sai ya ratso. Liman ya tsuguna ya riƙe hannunsa ya daɗe. Baba na amsa gaisuwa da karkataccen bakinsa, yana nuna ni da haɓa yana cewa, “Malam ne ya zo.” Kamar wani abin kirki na yi.

Daga ranar ban ƙara bari aski ya wuce shi ba. Wanzamin ya mayar da ranar zuwa ranar hutun makaranta saboda ni. Daga baya mun kai shi Katsina, likita ya duba ya ce a koma gida a ci gaba da abin da ake yi. Ya rayu har kaka biyu bayan haka, kuma mafi yawan abin da na sani game da shi a wannan zaman na ji shi, kansa a ƙirjina, yana magana da bango ina ji ta bayansa. Ranar da ya rasu, da aka zo yi masa wanka aka ce wani ya tallabi kai, ba wanda ya nuna mani inda zan zauna.

Faɗace-faɗacen da na karanta a kwalin nan sun fi a ƙirga, yau ko ɗaya ba na iya kawowa, duk sun cakuɗe sun zama naushi guda. Littafin da na raina, na ce babu abin da ya faru a cikinsa, shi kaɗai ya tashe ni daga inda nake zaune. Abin da na koya shi ne, labarin da jarumi ke ceton birni yana sa ka yi sha'awar abin da ba za ka taɓa iyawa ba, ka zauna kana jiran ranarsa. Labarin da yake zaune da ubansa yana wanke kofi kuwa, aikin da ke jiranka a gida yake nuna maka, shi ya sa ba ma son karanta shi. Na kuma koyi cewa mai ciwo ba kullum yake neman wanda zai cece shi ba. Sau da yawa ya riga ya san ba a iyawa, abin da yake so kawai nasa ya zo ya zauna a bayansa, ya samu inda zai jingina.